Haruffa Ukun da Suka Kori Baffana daga Aiki

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Baffana, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu, ya rasu a Tamaske ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar girbin gero. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ni ina Madawa wurin aiki, saƙo bai same ni ba sai washegari. Na iso na tarar da tsakar gida cike da mata da tabarmi, ban ga fuskarsa ba.

Kowa ya zo da abin da ya tuna. Wata tsohuwa ta taso tun daga Ibohamane a kan jaki, ta zauna bakin ƙofar Inna, matar Baffa, tana kuka tana faɗin sunan rediyonta kamar sunan ɗa. Tsoffin sojoji biyu da suka yi zamani da shi suka tsaya a ƙofar gida suka ƙame suka sara, ɗaya ma sai da aka riƙe shi kada ya faɗi. Inna kuwa tana cikin ɗakin takaba, idonta a bushe, tana jan carbi da ƙarfi kamar tana faɗa da shi.

Ina madafa ina kwasar tuwon baƙi sai na ji wasu mata biyu daga wata unguwa suna magana a bayana. Ɗaya ta tambayi wane tsoho ne ya rasu.

Ɗayar ta ce, "Wanga hwa da yaƙ ƙone injin biro can Madawa, anka kore shi."

Da mara cike da tuwo mai zafi a hannuna na juyo. Allah ne ya riƙe hannun nan. Mutumin da ya shekara arba'in yana tayar da matattun injuna, abin da ya rage masa a bakin mutane ke nan, ko kwana biyu bai yi a ƙasa ba. Dalilin wannan rubutu ke nan. Ban zauna rubuta shi da zuciya mai sanyi ba, kuma ba zan yi kamar na yi ba.

Baffa ya koyi aikin waya da rediyo a soja tun zamanin Nasara. Da ya dawo gida ya kafa rumfa a kasuwar Tamaske. In zai buɗe rediyo sai ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera kusoshi a kai bi da bi yadda ya kwance su, kuma kaiton wanda ya taɓa masa ɗaya. Kafin ya ɗauki turnabis, abin kwance kusoshi, sai ya juya rediyon ya karanta bayansa da gilashinsa mai ɗaure da zare. Yakan ce mini, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "kowane inji da takardatai ga ƙeya. Karanta ta tukuna." Haruffan da aka dunƙule su ne abin da ya fi tsana in ba a warware masa su ba. A rumfar nan na san AC wutar da injin wuta yake bayarwa ce, DC ta batir, V kuma ƙarfin wutar. Ban kai shekara goma ba ina iya faɗa wa mai rediyo bambancin OC da PO, wato gajeren zango da matsakaicin zango, ina yi ina hura hanci.

Shi da Inna sun shekara talatin suna gardama a kan abu ɗaya. Ita in batir ya mutu sai ta jera shi a kan rufin rumbu ya sha rana, ta ce yana farfaɗowa. Shi kuma ya ce wannan jahilci ne, matar mai gyara ba ta yin haka a gaban jama'a. Ya taɓa ƙin cin tuwonta kwana biyu a kan maganar. Wata rana na hau katanga ɗauko kaza, sai na hango batura shida a jere a kan rufin ɗakinsa, inda ba mai gani daga ƙasa. Na sauko na faɗa wa Inna. Ta ce in yi shiru, ai ta daɗe da sani, ita ce ma take juya masa su in rana ta karkata.

Shekarar fari na farko, lokacin da mutanen tudu suka gangaro ba dabba ba hatsi, rumfarsa ta zama wurin jin labari. Ya ɗaure rediyo a saman ginshiƙi, duk mai son jin inda za a raba abinci ko gaisuwar 'yan ci-rani ya zo ya zauna. A lokacin ne tsohuwar nan ta Ibohamane ta kawo masa rediyon da ɗanta ya bar mata kafin ya tafi Abijan. Ya gyara, ya cire batura daga nasa ya sa mata, ya ce ta tafi. Mu kuma muka yi sati biyu gidanmu shiru.

Bayan fari na biyu wani biro, wato ofishi, mai aikin haƙar rijiyoyi ya buɗe a Madawa, aka neme shi ya riƙa kula da gurup, wato injin wutarsu, da kekunan rubutu. Ni a lokacin na gama koyon dakitilo, wato buga keken rubutu, shi ya kai ni aka ɗauke ni. Muna tafiya aiki tare kullum, shi a gaba da jakar turnabis, ni a baya. Ba na jin na taɓa jin daɗin rayuwa kamar waɗannan shekaru.

Sai aka aiko wa biro da ordinatar, wato kwamfuta, daga wata ƙasa mai nisa, aka haɗo mu da wani saurayi daga Yamai da aka ce ya yi kos a kanta. Ba zan rubuta sunansa ba, ɗan Yamai ya ishe shi. Takalminsa kullum yana ƙyalli, bakinsa kuma cike da haruffa. In ka gaishe shi sai ka ji CPU, in ka tambaye shi ruwa sai ka ji RAM da ROM. Mu duka makarantar Faransanci muka yi, haruffan nan kuwa na Ingilishi ne, ba mai iya warware su. Baffa ya tambaye shi sau biyu cikin ladabi me suke nufi. Na farko ya yi dariya, na biyu ya ce wannan ba aikin masu gyaran rediyon ƙauye ba ne.

Ranar da za a kunna ta, shugaban biro yana Tawa. Ɗan Yamai ya matsu ya tayar da ita kafin ya dawo, don a same ta tana aiki a yaba masa. Mutum uku ne a ɗakin: shi, da Baffa da zai jawo waya daga gurup, da direban biro da ya ɗauko akwatunan. Ni ina ɗaki na gaba, ƙofa a buɗe, ina ji amma ba na gani.

Na ji muryar Baffa yana ce wa ɗan Yamai: "Shef, ku dakata kaɗan. Akwai ɗan maɓalli ja nan ga baya, shina bisa 115. Gurup namu 220 shika badawa. A juya shi tukuna."

"Tsoho, ɗauke hannunka! Wa ya ce ka taɓa?"

"Ban taɓa ba. Nuni nika yi."

Sai na ji ƙara kamar an fasa kwalba a wuta, sannan warin ƙonannar roba ya cika biro.

Kafin la'asar ɗan Yamai ya zo ya tsaya a kaina da takarda rubuce da hannu, ya ce in buga a keken rubutu. Rapor ne, wato rahoto, zuwa ga shugaba. An rubuta cewa mai kula da gurup, ba da izini ba, ya sa hannu a jikin inji ya ƙona RAM, kuma ana tsoron CPU ma ya taɓu. Babu maganar maɓalli ko ɗaya. Na ce zan zagaya, na fita na sami Baffa a bayan ɗakin gurup yana goge hannunsa da tsumma. Na faɗa masa ina kuka, na ce wallahi ba zan buga ba.

Ya ce, "Koma ki buga, Uwata. In kin ƙiya, mu biyu za a kora, kuma wata ta buga shi gobe. Ni ban san mi aka ce ma RAM ba. Mi za ni ce ma shugaba? In ce ban ƙone abin da ban sani ba?"

Na koma na buga. Da yatsun da shi ya biya aka koya musu aikin na buga R, na buga A, na buga M. Shugaba ya dawo ya karanta, shi ma bai san abin da haruffan suke nufi ba, amma ba ya son a gane. Ya sa hannu. Baffa ya tattara turnabis ɗinsa ya koma Tamaske.

Korar ba ita ta karya shi ba. Labari ne ya riga shi isa gida. Ya sake kafa rumfa ya shimfiɗa farin ƙyallensa, mutane suna wucewa da rediyo a hammata suna kawar da kai, suna kai wa wani a can ƙarshen kasuwa wanda ko karatu bai iya ba. Aka ce tsufa ya kama shi, hannunsa ƙona kaya yake yi yanzu. Inna ta ce mini yakan wuni ƙyallen nan babu ko kusa ɗaya a kai, da yamma ya naɗe shi ya dawo ya ce kasuwa ta yi kyau.

Daga nan ya shiga neman haruffan kamar mai neman ɓataccen raƙumi. Ya hau mota ya je Keita wurin wani malamin makaranta mai babban ƙamus, suka duba ba su samu ba. Ya tambayi wani likita a Buza, ya ce shi bai sani ba. A ƙarshe ya rubuta haruffan a takarda ya ba wani maƙwabcinmu mai kai albasa Sakkwato ta Ƙonni, ya ce ya nemo masa wanda ya yi karatun Ingilishi. Sai bayan wata biyu amsa ta zo, daga wani malamin makarantar koyon sana'a, an rubuta da Hausa. Na zo hutu a lokacin, ya zaunar da ni da Inna ya karanta mana. CPU shi ne inda inji yake yin aikin tunaninsa. ROM abin da aka rubuta masa tun daga masana'anta, ba ya gogewa. RAM kuma wurin da yake ajiye aikin da ke hannunsa, da an ɗauke wuta sai ya watse. Malamin ya ƙara da cewa duka ukun suna can cikin akwati, ba a kai gare su sai an kwance kusoshi an ɗaga murfi.

Baffa ya cire gilashi ya yi dariya har da tari, dariyar da na shekara ban ji ba.

"Kun ji? Ciki take! Akwatin ko ba a buɗe shi ba. To da wane hannu nit taɓa ta?"

Ya rubuta wa biro wasiƙa. Amma kafin ta isa an yi wa shugaba canji, kuma ɗan Yamai aka ɗora a kujerarsa. Ni na karɓi wasiƙar na kai masa tebur. Ya karanta a gabana, ya ninke ta huɗu ya sa ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

Direba ya taɓa zuwa Tamaske wata ranar kasuwa, ya sami Baffa a rumfa ya durƙusa. Shi ne ya kai injin gyara Yamai. Ya ce mai gyaran ko wuni bai yi a kai ba: ya canja ƙaramin akwatin da yake karɓar wuta, ya juya maɓallin ja, ya tambayi wane jaki ne ya sa wannan a 220. Ba abin da ya sami RAM. Baffa ya ce ya zo ya faɗi haka a gaban mutane. Direba ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, baki tara nika ciyarwa." Baffa ya ce masa ya tashi ya tafi, ya ji, ya gode. Shi ya sake shi. Ni ban sake shi ba, na dai ajiye maganar.

Shekara biyu na yi ina aiki a kan wannan inji da aka ce Baffana ya kashe. Kowace safiya in ce wa ɗan Yamai ina kwana, in kunna injin in zauna a gabansa. Ban san ranar da zan rama ba, amma ban taɓa shakkar za ta zo ba.

Ranar addu'ar bakwai, da hantsi, motar biro ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ɗan Yamai ne, yana kan hanyar Keita ya ratso. Direba ya sauke buhun shinkafa da katon, wato kwali, na sukari ya shigar cikin gida. Maza suna zaune a ƙofar gida, mu mata muna bayan zana, muna jin kome. Aka yi addu'a aka shafa. Liman ya faɗi abin da ake faɗa, cewa duk wanda mamaci ya saɓa wa ya dubi Allah ya yafe masa.

Sai na ji ɗan Yamai ya yi gyaran murya.

"Ni dai, Malam, ɓarnar da tsoho ya yi mana a biro, na yafe masa duniya da lahira. Ba na riƙe da shi."

Mutane suka ɗauka, "Madalla, Allah shi saka." A ƙofar gidansa, a kan tabarmarsa, a gaban garinsa duka, ya sake ɗora masa laifin, kuma aka yi masa godiya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji mata suna jan zanena.

Na ce ta bayan zana, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya ga baƙo."

Yayana ya daka mini tsawa daga waje, "Ke! Mi a haka? Yi kurum!"

Liman ya ce, "Bar ta. Ɗiyar mamaci ta. Hwaɗi, muna ji."

"Shef, mi Baffa yaƙ ƙone?"

Ya yi 'yar dariya. "Wannan magana ce ta teknik, ba nan wurinta ba."

"Nan kac ce ka yahe, nan za ka hwaɗi abin da kay yahe. Mi yaƙ ƙone?"

"RAM. Ke kika buga rapor, kin sani."

"Ni nib buga, Allah shi yahe min. To hwaɗa ma dattawa da Hausa, mi a RAM? Ina take ga jikin inji, ciki ko waje?"

Sai na ji wani tsoho yana cewa, "I, a hwaɗa muna, mu ma mu sani." Ɗan Yamai ya fara magana da Faransanci, ɗaya daga tsoffin sojojin nan ya katse shi ya ce shi ya ji Faransanci tun kafin a haife shi, kuma wannan ba amsa ba ce. Sai na faɗa musu da kaina, yadda aka rubuto wa Baffa daga Sakkwato: abin da take, da inda take, da cewa ba a kai gare ta sai an buɗe akwati, kuma ranar ba a buɗe shi ba. Sannan na kira direba da sunansa.

"Kai kana cikin ɗakin, kuma kai kak kai inji Yamai. Ga liman, ga gidan mutuwa, ga kabari ko bushewa bai yi ba. Don girman Allah mi anka canja?"

Na san abin da nake nema ya sadaukar, kuma ban ji tausayinsa ba. Ta kafar zana ina ganin ƙafafunsa, yana murza babban yatsa cikin ƙasa.

"Akwatin wuta anka canja," ya ce. "Baba ya ce a juya maɓalli, ba a juya ba. Bai taɓa komi ba. Shef na yas sa waya."

Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya zage shi. Mutanen da ke zaune kusa da shi dai suka janye jikinsu kaɗan kaɗan har tabarmar ta zama tasa shi kaɗai. Liman ya ce, "La ilaha illallahu. Ashe mu muka bukatar yahiyar mamaci." Ɗan Yamai ya tashi yana neman takalminsa.

Sai muryar Inna ta fito daga ɗakin takaba, ita da ta kwana bakwai ba a ji ta ɗaga murya ba.

"A maida mishi shinkahwatai. Ba a dahwa ta gidan ga."

A Tamaske ban taɓa jin an mayar wa mutum kayan ta'aziyya ba. Yayana, wanda ya gama yi mini tsawa, shi ya saɓa buhun a kafaɗa ya fita da shi ta tsakiyar maza ya jefa a bayan mota. Na bi shi da katon ɗin sukari har ƙofar zaure na miƙa.

Ban koma biron ba, ba sai an sallame ni ba. Direba ma na ji ya bar aikin, yana jan motar albasa yanzu, kuma ba zan ce dare ɗaya ban tuna da baki taran nan ba. Ranar Juma'ar da ta biyo baya liman ya tsayar da mutane bayan salla ya faɗa musu abin da aka ji a ƙofar gidanmu, don wanda bai halarta ba ya sani. An wanke sunan Baffa a garinsu, kwana goma bayan ya daina ji.

Inna ta ce in bar wa Allah, shi da kansa da yana nan da ya ce in bari. Na sani. Shi mutum ne mai saki, ni ba haka aka yi ni ba. Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabari, ya sa hannayen nan da suka gyara wa talakawa abin jin labari su karɓi littafinsu ta dama. Shi kuwa wancan, ba na roƙa masa mutuwa. Ina roƙon Allah ya ja kwanansa, kuma duk garin da ya sauka ya buɗe baki zai yi magana, a sami wani tsoho a cikin taro da zai ce masa, "Dakata, yaro. Hwaɗa muna da Hausa."